Sunan da Na Amsa a Gidan Ya Fanna

Shekarar da muka shigo Damagaram, ni da uwarku Dije, yayarku Rabi tana goye, abin da ya fara ba ni tsoro a garin shi ne shiru. Ku da kuka tashi cikin ƙarar babura ba za ku gane wannan ba. Gari ne cike da mutane har ya yi musu kaɗan, amma ba carar zakara, ba kukan jaki, ba ƙarar taɓarya. An cinye kaji, jakuna sun faɗi a hanya, turmi kuwa ba abin da za a zuba masa. Mutane na zaune a inuwar katanga tsakar rana, kana wucewa suna bin ka da ido, ba mai ce maka sannu. A kan manyan duwatsun nan na bakin Birni ungulaye ne a jere, sun ƙoshi har in ka jefe su sai dai su matsa gefe. Damina biyu ke nan ba mu ɗauki abin kirki ba a ƙasarmu ta Garagumsa. Na tare ƙofar ɗakina da ƙaya, muka bi hanya da ƙafa.

Ba zan ɓoye muku ba, farin da ya kashe mutane ni sana'a ya ba ni. Makiyaya na gangarowa daga arewa da shanun da ƙafafunsu ba sa ɗaukar su. Saniya in ta durƙusa sai a yi maza a sa mata wuƙa kafin ta zama mushe. Naman ba komai sai jijiya, fatar ce abin ɗauka. Na koyi fiɗa ba tare da na huda fatar ba, na koyi shanya ƙirgi a inuwa don kada rana ta ƙone shi, ina ɗauka a ka zuwa majema. A can na san Baba Gaji, Babarbare ne, dillalin fatu, mutum mai baƙar magana da farin ciki. Shi ya bar mu muka kafa zana a bayan majema muna kwana cikin warin jima. Bai taɓa kirana da sunana ba, kullum ɗan ƙauye. Sunana kuwa a lokacin Isufu ne, ɗan Nomau. Ku sake karanta wannan layin, don na san ba ku taɓa jin sa ba.

Muna nan sai mai shela ya zaga da ganga. Duk wanda sunansa ba ya cikin kartin iyali na wata unguwa, za a kwashe shi zuwa sansani a bayan gari, daga can a zuba shi a kamyo, babbar motar kaya, a mayar da shi ƙasarsu ya jira ruwa. Kartin iyali takarda ce mai kauri, sunan maigida a sama, na iyalinsa a ƙasa. Da ita ake karɓar jar dawar taimako, da ita kuma ake zama a gari. Ni na san sansanin nan, na shiga sau biyu neman fata. Ƙyanda ce ke bi bukka bukka tana ɗibar yara, ana fitar da su a naɗe cikin tabarma, iyayen ba su da ƙarfin kuka. Na dubi Rabi, na ce wannan yarinya ba za ta kwana a can ba.

Na fara bin hanyar da ta dace, wannan ina so ku sani. Na je wurin mai unguwa na durƙusa. Ya ce ba ya rubuta baƙo sai da takardar sallama daga inda ya fito, mai nuna an cire shi daga can. Na bar uwarku a hannun Baba Gaji, na hau mota zuwa Takieta, na ƙarasa ƙauyenmu da ƙafa. Na iso rana tana tsaka. Ɗakuna na tsaye yadda muka bar su, turame a kwance, igiyar guga tana rataye a bakin rijiya. Na yi sallama a gidan mai gari sau uku, muryata ce kawai ta dawo mini. Ko ƙuda babu. A bayan gari na ga sababbin kaburbura da yawa, ban san ko na su wa ba ne, ba kuwa wanda zan tambaya. Ban zauna ba, na juya zuwa garin da sakataren kanto, wato gundumarmu, yake, mai riƙe da littafin sunayen ƙauyuka. Ina shiga garin wata maƙwabciyarmu ta da ta hango ni, ta saki ƙwaryar da ke hannunta, ta shige wani gida da gudu tana salati. Na ɗauka yunwa ce ta taɓa mata kai.

Sakataren ya buɗe littafi, ya bi da yatsa, ya tsaya.

"Ga ka nan. An ja maka layi."

"Layin me, ranka ya daɗe?"

"Na mutuwa. Kai da matarka da 'yarka. Da aka zo ƙidaya ba a gan ku ba, waɗanda suka rage suka ce kun faɗi a hanya."

"To ai ga ni tsaye."

"Ni ina ganin ka. Littafin ne bai gan ka ba. Ba a ba mamaci takardar sallama. Kawo mai garinku da shaidu biyu 'yan garin, su ce kai ne, sai a gyara."

Mai garinmu ya tsallaka Najeriya da iyalinsa, shaidun kuma wasu suna ƙarƙashin ƙasar da na gani, wasu Allah kaɗai ya san inda suka nufa. Mutumin bai zalunce ni ba, aikinsa ya yi. Na dawo Damagaram hannu wofi.

Da na gaya wa Baba Gaji, sai da ya yi dariya har ya share hawaye.

"Ashe wata uku da gawa nake ciniki! Shi ya sa fatunka ba sa nauyi."

"Baba, ranar Laraba masu duba karti za su shigo, ni ba dariya ce ta kawo ni ba."

Ya murza gefen wani ƙirgi. Can ya ce in biyo shi. A hanya ya ba ni labari. Yana da yaya a cikin Birni, Ya Fanna, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ɗanta ɗaya, Kyari, sa'ana ne ko ya ɗan girme ni. Da fari ya tsananta ya tafi arewa ya karɓo shanun gidan da ke hannun wani makiyayi, bai dawo ba. Bayan watanni wani falke ya zo ya ce da hannunsa ya binne shi kusa da wata busasshiyar rijiya. Ya Fanna ta ce ba ta karɓar mutuwar ɗa daga bakin baƙo, ta hana a yi sadaka, ta hana a kai magana biro, ofishin hukuma. Don haka sunan Kyari yana nan a saman kartin gidan, shi ne maigida, ba mata ba ɗa a ƙarƙashinsa.

"Kai mai rai ne ba suna, shi suna ne ba mai shi," in ji Baba Gaji. "Ka shiga rigarsa. A ƙara matarka da 'yarka a ƙasa, shi ke nan."

Ni mutumin ciniki ne, ba na karɓar fata sai na ɗaga ta a rana na ga inda ta huje. Na ce masa fuskata fa? Su tsagar Barebari gare su, dogayen layuka daga goshi har haɓa, ni kuwa tawa gajeru ce ta ƙauyenmu a gefen baki. Ya ce in naɗa rawani in ja amawali. Na ce maƙwabta fa? Ya ce kowane gida a lungun nan yana da abin da yake ɓoyewa bana. Na ce in aka tambayi tsohuwar fa?

"Kai ɗan ƙauye, a garinku uwa tana faɗar sunan ɗan fari? Tun da aka raɗa masa shi bai taɓa fita daga bakinta ba. Ba wanda zai ce ta faɗa. Ta zauna ta yi shiru, shirun nata ya ishe mu shaida."

Na auna na ga haka ne. Ko uwata da ta haife ni har ta mutu ba ta taɓa kiran yayana da sunansa ba. Mu biyu, dillalai masu ganin kanmu da wayo, muka ɗora komai a kan wannan, bai zo mana a rai ba cewa akwai wanda bai san wannan al'ada ba.

Gidan yana can cikin lungu inda mutum biyu ba sa jerawa. Mun same ta a kan tabarma, ƙaramar mace, baƙa, ta miƙe ƙafafu, idonta tar. Na durƙusa na gaishe ta. Ba fuskata ta duba ba, ƙafafuna ta duba, ta daɗe tana kallon su.

"Gaji ya ce kuna da yarinya."

"E, Iya."

"Ku shiga ɗakin baya. Wancan ba a taɓa shi."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Ba ta ce ta yarda ba, ba ta ce ta ƙi ba. Wancan ɗin da take nufi ɗakin Kyari ne, yana kallon tsakar gida, ƙofarsa a rufe da asabari. Kowace safiya sai ta share gabansa. Rana na take tsakiya sai ta zuba tuwon jar dawa a akushi, ta rufe da faifai, ta kai bakin ƙofar ta ajiye, ta ce sannu da rana, ta ɗan tsaya kamar mai jiran amsa, sannan ta koma tabarmarta. In ta yi maganarsa sai ta ce mai ɗakin can. Mai ɗakin can ba ya son yaji. Mai ɗakin can in ya dawo zai gyara indararo. Bayan la'asar sai ta ɗauko akushin ta miƙa wa uwarku, ta ce ya rage, ki ci, kina shayarwa. Tuwon kuwa ko yatsa ba a sa masa ba. Uwarku tana ci, don nononta ya fara ƙafewa. Kada ku ɗauka tsohuwar ta zare. Ta fi ni hankali. Ta san abin da ke cikin kowane buhu a gidan, ta san kuma abin da ya kawo mu. Ni dai in na ratsa ta gaban asabarin nan sai in ji kamar akwai wanda ya ɗauke numfashi a ciki don in wuce.

Na tambayi uwarku ko za ta iya riƙe sabon sunana in aka tambaye ta. Ta dube ni ta ce:

"Malam, ni da ban taɓa faɗar na farkon ba, me zai dame ni da na biyu?"

Ranar Laraba da hantsi suka iso. Kamyo bai iya shiga lungu ba, ya tsaya a bakin hanya, ba a kashe shi ba, muna jin gurnaninsa daga cikin gida, muna jin kuma ana hawa da mutane. Aka kafa tebur a ƙofar gidanmu. Ma'aikacin saurayi ne mai tsabta, daga yamma ya zo, Hausarsa ta koyo ce amma tana fita. Mai unguwa na zaune gefensa, gardi biyu masu kaki a tsaye. Aka shimfiɗa wa Ya Fanna tabarma a bakin zaure. Baba Gaji ya miƙa karti, ya ce ga maigida, ya yi aure a tafiyarsa, ana son a ƙara matar da 'yar. Saurayin ya duba takarda, ya dube ni.

"Da wannan zafin kake rufe baki? Sauke."

Na sauke amawali. Ya dubi fuskata, ya dubi ta Baba Gaji, ya dubi ta tsohuwar. Mutum ba sai ya yi karatun lakwal ba kafin ya ga bambancin. Baba Gaji ya fara wani zance wai a wurin kakanni aka yi mini tsaga, saurayin ya ɗaga masa hannu.

"Iya, wannan ɗanki ne? Faɗa mini sunansa."

Matan da ke leƙe ta kan katanga suka ja baya. Mai unguwa ya yi gyaran murya ya ce:

"Ɗan fari ne, malam. Ba a tambayar uwa wannan."

"Ni ban san wannan ba. Gida huɗu yau an nuna mini mazan da ba na gidan ba. Uwa ta san sunan ɗanta. In ta faɗa ya amsa, in buga wa kartin tampo in wuce. In ba ta faɗa ba, ga mota can."

Ɗaya gardin ya matso ya tsaya a bayana. Daga cikin gida na ji Rabi ta fara kuka, na ji uwarku tana rufe mata baki da zane. Na dubi Ya Fanna. Ba ta san ni ba sai kwana biyar. Shekara talatin da wani abu tana riƙe da sunan nan a bakinta, yana yaro ba ta kira shi da shi ba, ranar da ya kama hanyar arewa ba ta kira shi da shi ba. Ni da kaina, da an ce in roƙe ta, da kunya ta hana ni. Ta ɗaga kai, amma ba ni ta duba ba. Ta juya ta dubi cikin gida, ta zaure, inda ake hango asabarin. Sannan ta kira, da ƙarfi, da irin muryar da ake kiran wanda ya yi nisa:

"Kyari!"

Wallahi ban amsa nan take ba. Ba tsoron gardi ba ne. Jira nake, kamar yadda kowa a lungun yake jira, har shi Baba Gaji da ya shirya abin, duk mun juya muna kallon ƙofar ɗakin. Iska ba ta motsi, asabarin bai motsa ba. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka a haka ba. Sai na ji bakina ya ce:

"Na'am, Iya."

Saurayin ya rubuta Dije, ya rubuta Rabi, ya buga tampo, aka ɗauki tebur zuwa gida na gaba. Ina jin bai san abin da ya sa aka yi a gabansa ba har ya bar garin.

Muka shiga ciki. Baba Gaji yana ta murna ƙasa ƙasa, yana cewa ɗan ƙauye ka sha. Ya Fanna ta zauna a tabarmarta. Ba ta yi kuka ba. Rana ta take tsakiya, ba ta tashi zuwa wurin akushi ba. Can ta ce:

"Gaji, ka gaya wa malamai. Jibi za a yi sadaka."

"Sadakar wa, Yaya?"

"Na kira shi. Da yana duniya, ko a bayan hamada yake, da ya ji, don bai taɓa jin na kira ba. Wani ne ya amsa."

"Yaya, ki yi hankali. Yanzun nan unguwa duka ta shaida yana raye, mutanen nan suna lungu na gaba. In muka tara malamai da sunansa, yaron nan da iyalinsa mota za su hau, ni da ke kuma a kira mu biro."

Ta juyo ta dube ni, wannan karon a fuska.

"Kai, da wane suna aka yanka maka rago?"

Na gaya mata.

"To ai kai ba ka amfani da shi yanzu. A ba malamai wannan. Allah ya san wanda nake nufi."

Ta ba ni sunan ɗanta, ta nemi nawa. A ciniki ban taɓa ganin musayar da ta kai wannan daidai ba. Na ce to, Iya.

Ranar Juma'a da safe aka shimfiɗa tabarmi a zaure. Aka ce wani baƙon gidan ne, abokin tafiyar maigida, ya rasu a hanya ba shi da kowa, ana yi masa sadaka don Allah. Gero babu, da jar dawar taimako aka daka gumba, uwarku ce ta daka, ranar ce na fara jin ƙarar taɓarya a Damagaram. Malamai suka zo, maƙwabta suka zo. Tun da ni ne maigida, ni aka zaunar a gaba ina karɓar gaisuwa. Mutum ya shigo ya tsuguna, ya miƙo mini hannu.

"Malam Kyari, ya haƙuri? Allah ya jiƙan Isufu, ya sa ya huta."

"Amin."

Haka na yi ta cewa har azahar. Wasu sun san komai, suna faɗa suna kallon tabarma. Wasu ba su sani ba, har suna tambayata ko mamacin mutumin kirki ne, na ce ba laifi. Da aka shafa fatiha aka miƙo mini gumba, na karɓa na ci, don yunwa nake ji. Daga bayan zaure ina jin Ya Fanna tana kuka a hankali cikin harshensu, karo na farko tun da labarin ya zo mata.

Ruwa ya dawo, mutane suka koma ƙauyuka, ni ban koma ba. Sau ɗaya na yi niyyar neman shaidu a gyara littafin can, na tuna cewa in Isufu ya tashi sai an tambayi wane ne a kartin Ya Fanna, na bari. Da sunan Kyari na kama rumfa, da shi na auri sauran iyayenku, da shi na je Makka, shi ne a takardun kowannenku. Na riƙe tsohuwar har ta cika a hannuna, ni na shiga kabarinta na karɓe ta. Daga ranar teburin nan kuwa ba ta sake kirana da kowane suna ba, in tana nemana sai ta ce ina uban yarinyar nan. 'Yan'uwana na Garagumsa, in akwai wanda ya rage, sun riga sun yi kukana tuntuni, ban ga amfanin in je in tayar musu da shi ba. Abin da zaman garin nan ya ci mini ke nan, kuma da za a sake kafa teburin yau, Rabi na kuka a ciki, da na sake amsawa.

Na san ku. In kun gama karanta wannan, wani cikinku zai ce ranar da na mutu a sanar da sunana na gaskiya, a gyara abin da ya karkace. Kada ku yi. Ku ce Kyari ne ya rasu, ku tara malamai da wannan sunan, ku daka gumba da gero mai kyau, a yi addu'a sosai. Tawa an yi ta tun ina da ƙuruciya, na zauna na ci, na ce amin. Ɗan matar nan ne har yau ba a yi wa ba.